Kuɗin Barci a Sakkwato

Sai da Kawu Jabbi ya kwanta dama,
magada suka sayar da gidan Rijiyar Ɗorowa,
sannan na san akwai ranar da zan tsaya cikin birnin nan
ina tambayar nawa ake sayar da barci.

Mun sauka tasha rana na tsaka,
zafin nan mai dafa ƙwai cikin aljihu.
Hajo da goyon Marwana, Sahabi da ledar magani,
Luba riƙe da takalmin da ya tsinke tun Achida.
Gobe da sassafe likitan ido zai duba Sahabi.
Yau kam, sai inda haƙarƙari zai taɓa ƙasa.

Mai keke ya ce, "Alhaji, wane iri kaka so?
Akwai na manya, akwai na lalura."
Na ce fara da na manya, kallo ba ya cin kuɗi.

Na farko gilashi ne tun daga tushe.
Sanyi ya mare mu a bakin ƙofa,
Luba ta ce, "Baba, cikin randa muka shiga?"
Yarinyar kanta ta faɗi kuɗin dare ɗaya,
na auna shi da buhu biyu na albasa
da na yi wata uku ina ba ruwa a fadama.
Ban ce uffan ba.
Hajo ce ta hango tafkin wanka ta baya,
shuɗi, mai zurfi, babu shinge.
Ta dubi Luba, ta dube ni.
Muka fita da mutuncinmu, wai don tafkin ne.

Na biyu araha, a bayan tasha.
Kiɗa na dukan bango kamar ya ci masa bashi,
sakata ta mutu, an tokare ƙofa da bulo.
Hajo ta ɗaga zanen gado da yatsa biyu,
kuɗin cizo suka watse kamar an tashi kasuwa.

Na uku a Mabera, bene hawa biyu.
Ta auna ƙarafan baranda da tafin hannu,
ta ce kan Marwana zai wuce.
Shi ke nan, ba a ko kai ga ciniki ba.

La'asar sakaliya muka faɗa wani a Runjin Sambo,
ba allo mai walƙiya, sai dogon yaro biyu a tsakar gida
da wani tsoho yana gyaran rediyo.
Bai tambayi abin da ke aljihuna ba,
ya ce, "Ɗiya nawa ag gare ku?"
Na ce uku.
Ya ce, "To ɗakin ƙasa, kusa da randa. Ku taho ku gani."

Hajo ta murɗa famfo, ya yi tari, ya kawo.
Ta shafa ragar taga tana neman ƙofar sauro,
ta shinshina matashi,
ta ja sakata sau uku,
ta tsaya ƙarƙashin fanka ta lumshe ido.
Tsoho ya ce inji na kai ƙarfe biyun dare,
in ya mutu, ga tabarmi, ga iskar Allah.
Ya jawo ƙarin katifa da kansa, bai rubuta ta a rasit ba.
Hajo ta kwance goyo.
Da haka na san an yanke hukunci.

Dare ya raba, fanka na ƙirga sauran kuɗina tare da ni.
Luba ta yi barci da takalmin da tsohon ya ɗinke mata.
Sahabi ya buɗe idonsa mai lafiyar, ya ce,
"Baba, shi ma wannan kawunmu ne?"

Na taɓa rasit ɗin da ke ƙarƙashin matashi.
Na ce, "Yi barci, gobe da sammako."