Birnin Ruwa a Shagon Adum

A shagon Adum mai gyaran agogo,
can bayan kasuwar Kusuri,
akwai wani zane a jikin bango.
Fentin mai ne, da kauri, har yatsa na jin tudunsa.
Wani likita ya bar shi jingina,
ya haye gada, bai komo ba.

Birni ne, amma babu turɓaya.
Inda hanya za ta bi, ruwa ne kwance,
kore-kore kamar miyar kuka ta kwana.
Benaye sun tsoma ƙafa ba su naɗe wando ba.
Ga gada mai doro,
ga wani dogo tsaye a gindin baƙin kwalekwale.

Ni da na girma a kan Logon
na ce wa Adum: mai zanen nan bai taɓa tuƙi ba.
Dubi kafaɗar mutumin, ba ta san nauyi ba.
Ina taru? Ina masu wanki?
Ruwan da ba ya ƙarni, ruwa ne?
Adum bai ɗago daga agogo ba.
Ya ce, "Amma kullum sai ka tsaya."

Haka ne. Taga ce ke tsai da ni,
ta uku daga hagu,
ɗigon rawaya, bai kai ƙwayar gero ba.
Wani bai yi barci ba a gidan nan.

Shekarar da kogi ya shigo unguwa ba sallama,
na tuƙa kwalekwale ta layin mahauta,
na ɗaure shi a ƙyauren masallaci.
Na ɗauko Ya Fanne da keken ɗinkinta,
awaki biyu, buhun dawa da ya fara tsiro.
Hasken la'asar ya kwanta kan ruwan,
katangu na duba fuskarsu kafin su zube.
Wallahi ya yi kyau.
Na ji kunyar idona.

Adum na tsaye kan tebur,
agoguna cikin hula,
zanen a hammata, gindinsa a ruwa.

Yanzu ya koma ƙusarsa.
Laka ta ja layi a ƙasansa,
ta ci matakala biyu, ta ci sa hannun mai zanen.
Adum ya jiƙa tsumma, na riƙe hannunsa.
Sunan wancan dama ba mu iya karantawa ba.
Wannan kuwa, mun san mai rubutun.