Ruwan Farko

Ƙarfe uku na dare hadari ya gangaro wa Santos daga kan duwatsu.
Dalva ta ji shi a gwiwarta tun kafin waya ta yi ƙara.
Ta zura takalman roba,
ta jera kwalabe shida a akwatin ƙanƙara,
ta bar kofi yana huci shi kaɗai a kan tebur.

Takardar hukuma ta ce ruwan farko za a ɗiba,
na rabin sa'ar da sama ta fara wanke ƙasa.
Shi ne wanda bai iya rufa asiri ba.
Ya lashi baƙin man da tirela ta ɗiga da rana,
ya kwashi takin zamanin da ya zube a gindin injin ɗaga kaya,
waken suya da ya ruɓe a tsagar kwalta,
tsatsar kwantena, garin taya, sukarin da ya narke ya yi danƙo,
ya haɗa su duka ya nufi magudana
da saurin mai zuwa kai ƙara.

A bakin magudana ta bakwai ta durƙusa.
Fitilar goshinta ta faɗa kan ruwa,
ruwa ya mayar mata da bakan gizo kwance,
mai kyau kamar zanen biki, mai warin gareji.
Ruwa ba ya tsami banza.

Ta kama sitiyarin ƙofar ƙarfe da hannu biyu.
Juyi goma sha tara ne kafin ta rufe,
ta sha ƙirga su.
A na takwas rediyon ƙugunta ya yi tari:
"Dalva, Edivaldo ne. Kin san in kin rufe fili zai cika?
Jirgi na jiran lodi, motoci arba'in na kan layi.
Ba ki ba shi minti ashirin ba? Zai washe da kansa,
sai ki cika kwalabenki da mai haske, kowa ya huta."

Ba mugu ba ne Edivaldo.
Shi ma akwai wanda ke kiransa daga wani bene mai sanyi,
a wani garin da ba a ruwa a daren nan.

Amma can ƙetaren mashigi, inda fitilu suka ƙare,
itatuwa na tsaye cikin laka da saiwoyinsu a waje,
nan tsoho Benedito ya shekara talatin
yana zura hannu har kafaɗa a ramin ƙaguwa.
Da kuɗin ƙaguwa ya saya mata littafin lissafi.
Ran da ya dawo da buhu wayam, hannunsa na ƙyallin mai,
bai zagi kowa ba.
Ya dai daɗe a bakin famfo yana cuɗa sabulu.

Tara. Goma. Sha ɗaya.
Ƙarfe na kuka, tafinta na zafi.
"Na rufe," ta ce. "Ka juya motocin ta ƙofa ta uku."

Ruwa ya yi turus, ya rasa hanyar teku,
ya koma tafkin tacewa yana gunaguni,
ya haura har idon sawun masu gadi.
Wani direba ya leƙo ya aiko mata da ashar,
iska ta kwashe rabinsa.

Da gari ya waye ta zauna da alƙalami jiƙaƙƙe.
Kwalba ta ɗaya, lokaci, wuri, sa hannu.
Ta huɗu ce ta fi duhu.
Za ta wuce ƙa'ida, ta sani, tara za ta biyo baya,
da taro, da fuskoki a murtuke.
Ta rubuta mata lamba kamar sauran.

A gefen tafkin wata balbela ta sauka,
ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta dubi ruwan, ba ta sha ba.
Jirgin ya tashi da jinkirin sa'a biyu.
Kofin yana nan inda ta bar shi,
ta shanye shi da sanyinsa.