Inda Ƙuri'a Ta Faɗa

Ƙarfe biyar na asuba, bayan garin Findlay,
kwalta na huci kamar tuwon da aka kwashe yanzu,
gonakin masara dama da hagu sun yi tsit,
ni da injin huda titi muna jiran ta huce.

Aikina ke nan a Ohio, ɗanɗana hanya.
Da haƙorin ƙarfe nake cizo,
in zaro curi guda, baƙi, mai kaurin gwangwani,
in rubuta masa lamba da farin alli,
a auna shi a bushe, a auna shi cikin ruwa,
a ga iska nawa ta ɓuya a cikinsa.

Wurin hudar ba ni ke zaɓa ba.
Na'ura ce ke jefa ƙuri'a:
taku ɗari uku da sha biyu daga gada,
ƙafa huɗu daga bakin layi.
Ba ta san Orrin Vasek ba, ba ta ci abincinsa ba,
ba ta san motocinsa bakwai duk na bashi ne ba.

Orrin ɗan kwangila ne, furfura har gira.
A da, in ji shi, nauyi ake biya:
ka zuba tan dubu, ka karɓi na tan dubu,
in ta farfashe baɗi, laifin ƙanƙara ne.
Yanzu kuɗinsa na rataye a wuyan curi biyar.
In suka haɗa kai, suka tsaya cikin iyaka,
a biya shi cif, har a ɗora masa gyara.
In ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma,
lissafi ya ce sauran titin ma haka yake,
a zaftare.

Daren Laraba iska ta juya, sanyi ya sauko,
motoci biyu suka makara a hanya.
Delfina ta yi ta kai da komo da injin daɓe
a kan kwaltar da ta riga ta sandare.
Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan.
Da safe ƙuri'a ta faɗa daidai nan,
kamar ƙuda da ya san inda gyambo yake.

Orrin ya zo da gahawa kofi biyu,
ya miƙo ɗaya, idonsa a kan takalminsa:
"Tanimu, taku goma gaba, ai duk titi ɗaya ne."

Kofin na ƙona mini tafi.
Na tuna Gwaggo Asabe mai sayen gero,
ba ta taɓa yarda da bakin buhu ba,
sai ta zura hannu har gwiwa,
ta ce bakin buhu kwalliya ne, magana na gindi.

Na ce, "In na matsa yau, awona ya zama tatsuniya.
Ranar da zai ce ka yi kyau, wa zai yarda?"
Na kunna injin. Ƙararsa ta rufe sauran zancen.

Kashi huɗu cikin ɗari aka yanke masa.
Ya saya wa motocinsa tamfol mai kauri,
ya daina shimfiɗa in dare ya yi sanyi,
ya kuma daina kawo mini gahawa.

Wani lokaci nakan kwanta ina tunani:
curi biyar, a titin da ya fi tafiyar yini a ƙafa!
Da ƙuri'ar ta goce, da ya sha.
Da ta goce wata rana, da an cuce shi a banza.
Lissafi bai yi alkawarin ba zai yi kuskure ba,
ya dai rantse ba shi da ɗan ɗaki.

Yanzu hunturu ne, gishiri a kan hanya.
Ina bi ta nan in kai 'yata makaranta.
Ramukan da na huda, na cike su da hannuna,
suna nan zagaye, kamar tabon lamba a dantse.
Tayata na taka su, ina ƙirgawa a zuci,
ita kuwa tana baya tana barci,
ko girgiza ba ta ji.