Rumfar Gwangwani a Mai Wurno

Shekara talatin ina gyaran injin ban ruwa
a gaɓar Shuɗin Nilu, hannu duk baƙin mai.
Da gwiwa ta ce ta gaji, na dawo gindin darbejiya
da almakashin kwano, da ƙaramar guduma,
da buhun gwangwanayen da gari ya gama da su.

Abin da na fara ƙerawa mota ce,
har da fitila, har da lamba a baya.
Yara suka ja ta kwana biyu, suka yar a bayan danga.
Ba ta tambaye su komai ba,
su ma ba su tambaye ta ba.
Ranar na gane:
abin wasan da ya gama maganarsa gawa ne.

Sai na feƙe katantanwa, na ɗora mata faifan kwali,
na shafa launi bakwai, kowa da yankinsa.
Siddiƙ ya murza, duk suka narke suka koma kamar nono.
"Baba Mahajub, ina ja ya tafi?"
Na ce tsayar da ita.
Ya tsayar, ga ja yana zaune inda aka bar shi.
Ya murza, ya tsayar, ya murza,
har aka kira magariba bai ji ba.

Daga cikin matacciyar rediyo na ciro maganaɗisu,
na ɗaure a zare ya zama ƙugiya.
Kifayen kwali goma sha biyu:
takwas na sa musu ƙusa a hanci,
huɗu na naɗa musu jan ƙarfe, ban faɗa wa kowa ba.
Rigima ta kaure, wai kifin wane ya ƙoshi,
wai na yi wa wane tofi.
Alawiyya kaɗai ba ta ce uffan ba.
Ta kwashe su, ta ware gida biyu a kan tabarma,
ta ɗago kai:
"Ba kifin ba ne. Hancin ne."

Gwangwani biyu da zare ɗaya,
daga rumfata zuwa teburin mai ful.
In zaren ya saki, kurma ne.
In ya miƙe, har gulma yana kaiwa.

Ustaz Mubarak yakan biyo bayan an tashi makaranta,
ya ba kowane abu sunansa na littafi, da Larabci mai nauyi.
Ni ban riƙe sunayen ba.
Hannuna ne ya yi karatu, bakina bai je aji ba.

Akwai wanda ya ba ni kunya.
Saƙiya ce ta murafen kwalba,
dare uku ina ta fama,
na zuba ruwa daga buta, ta tsaya tana kallona.
Alawiyya ta karɓa, ta karkata kowane murfi
kamar mai tara hannu ga ruwan sama.
Ta juya.
Ni da na kwance injin da ya fi ɗakin nan girma,
'yar shekara tara ta gyara mini zama.

Tun ranar na daina sa gam.
Kome na ƙera, da waya nake ɗaurewa,
yadda ƙaramin yatsa zai iya kwancewa.
Jiya uwarta ta zo da jabana mai zafi tana ban haƙuri,
wai yarinyar ta wargaza saƙiyar, murfi a nan, murfi a can.
Na ce sha naki kofin, ai don haka aka yi ta.

Yanzu kuma ta bar ni da wata:
me ya sa randa ke gumi, ruwanta kuwa sanyi ƙalau?
Na nemo ƙananan tukwane biyu da tsumma.
Ɗaya zan shafe ta da fenti.
Gobe da hantsi zan ajiye su a iska,
in kama bakina.