Ashirin da Uku

Ruwan Hull bai ɗauke ba tun ranar Talata.
Ta shigo kasuwa lemarta na ɗiga,
ta wuce mai kifi, ta wuce mai burodi,
ta tsaya a teburina, inda agogai ke gardamar lokaci.
"Mista Jatau, an ce kana taɓa kyamara."
Na ce lallashi dai nake yi, taɓawa sai ta yarda.

Doreen Thackray. Kyamarar ta Clifford ce,
shekara shida tana kwance cikin safar ulu.
Irin mai 'yar tagar nan ce:
in ka leƙa, mutum ɗaya ya rabu biyu,
sai ka murza bakin gilashi, ka murza,
har su shige juna.

Hannun jan fim ya ƙage a rabin hanya,
ba gaba, ba baya, kamar jakin da ya ga gada.
Ƙidaya na kan ashirin da uku.
"Jikana ya so ya danna da ƙarfi."
Na ce gara da kika hana.
Haƙorin tagulla in ya karye
ba ya sake tsirowa.

Na fara da tambayoyin da ba sa cin kuɗi.
Fim ne ya ƙare? Mai talatin da shida ne,
ga guntun kwalinsa Clifford ya liƙa a baya.
Madannin mayarwa da ke gindi, ko ya nutse? Yana waje.
Kunnen jinkiri fa, wanda mai ɗauka ke ɗanawa
ya ruga ya shiga sahu yana haki?
Shi ma yana mazauninsa.
Na danna maɓallin ƙiftawa. Ko motsi.

Sai baƙar jaka mai hannuwa biyu.
A cikinta yatsa ne ido.
Na buɗe bayan kyamara a duhu, na lalubi gefen fim,
na ji ramukan duk sun yage,
abin da ya naɗu a sanda bai fi zagaye huɗu ba.
Ban ce komai ba tukuna.
Na mayar da fim gwangwaninsa a hankali.

Kusoshi huɗu, kowace kamar ƙwayar riɗi,
na tara su a murfin kwalba kada tari ya kwashe.
Farantin gindi ya ɗago.
Giris ya daskare kamar tsohon ƙaro,
kuma can tsakanin haƙora biyu
ga ɓarawon:
ɓallin fim, bai kai yankan farce ba.
Hantsaki ya ciro shi.
Ɗigon man laita a bakin tsinke, ɗigo ɗaya, ban ƙara ba.
Na jira mai kifi ya gama sallamar mutum biyu.
Na ja.
Ƙas! Hannu ya je, ya dawo gida.

Saura abin da babu hantsakinsa.
Na ce, tun hoto na uku fim ya daina tafiya.
Ƙidaya ce kawai ta ci gaba da ƙirga.
Duk ashirin ɗin da ya ɗauka daga baya,
teku ne, lambu ne, ke ce,
a wuri guda suka zube, wani kan wani.

Ta daɗe tana duban murfin kwalba.
Sai dariya ta kuɓuce mata ta hanci.
"Clifford ke nan. Labari ɗaya shekara arba'in.
A wanke shi haka nan."

Na saka sabon fim, na ga haƙora sun kama,
ƙullin mayarwa na juyawa, shaidar ana tafiya.
Ta ɗora tagar a kan tabarau.
"Na ga ku biyu. Wanne ne kai?"
Na ce, ci gaba da murzawa.

Fam goma sha biyu ta biya.
Lemar tana nan, ta manta da ita.