Mazarin da Sharvari Ta Rage wa Gudu

Ƙarfe biyun dare a Pune,
damina na dukan kwanon rufi,
shayi ya huce har ya yi yana.
Sharvari ba ta tashi ba.

Abin da masu nazari suka aiko mata
lambobi ne tsagwaronsu,
sai wani siririn sauti, kamar kukan sauro,
da faya-fayen ƙarfe suka tsinto daga sama.
Suka ce: tauraruwa ce da ta mutu,
ta dunƙule, faɗinta bai wuce gari guda ba,
cokali ɗaya na jikinta ya fi tsauni nauyi.
Tauraruwar nutiron.
Zana mana ita.

To yaya ake zana gawar da ta ƙi kwanciya?
Sau ɗaruruwa take juyawa
kafin ido ya ƙifta ya buɗe.
Da ta sake ta a kwamfuta da ainihin gudunta,
allo ya yi fari fat,
babu gaba, babu baya.

Sai ta kama ta kamar mazari,
ta rage, ta rage, ta ƙara ragewa,
ta karkata mata wuya kaɗan,
ta soka mata bakin haske biyu,
ɗaya nan, ɗaya can.
Ta ba ta shuɗi. Ta goge.
Ta mayar.
Dakta Phadke zai ce da safe
ba wanda ya taɓa ganin wannan launi.
Gaskiyarsa.
Amma ido baƙo ne, sai an yi masa shimfiɗa.

Tari daga ɗaki.
Mahaifinta, Vasudev, ya fito da sanda,
shekara talatin yana gadin fitilar jiragen ruwa
a gaɓar Konkan, gishiri ya cinye masa gani.
Ya kawo hancinsa dab da allo.
Haske ya share fuskarsa, ya wuce.
Ya dawo. Ya wuce.
Leɓɓansa na ƙirge, ba da saninsa ba.

"Wa ke zuba mata mai?"
"Ba kowa, Baba."
"Wane jirgi take jira?"

Ta yi shiru.
Yatsanta na kan maɓallin da zai ƙara gudu,
ba ta danna ba.
Tsohon ya ja kujera ya zauna,
kamar wanda aka miƙa wa aikin dare.