Layi na Goma Sha Bakwai

Talatin ga Janairu, an idar da isha'i.
Injin casar shinkafa ya yi shiru a Kalambaina.
Daga ni sai fitilar caji
sai littafin albashi da ɓera ya ɗanɗani bangonsa.
Gobe ne ƙarshen karɓa a ofishin haraji,
kuma Alhaji Modi ya fi ƙin tara da ciwon haƙori.

Mu ashirin da uku muka ci abinci a gidan nan bara.
Kowa da layinsa:
suna, lamba, wata nawa ya yi,
abin da ya shiga aljihu,
abin da aka zare tun bai ji ɗumin hannu ba.

Cika mai awo ya ba ni aiki.
Banki ya ƙara masa harafi, littafina bai ƙara ba,
kwamfuta ta kafe wai mutum biyu ne.
Na rantse mata ɗaya ne,
ko da yake a gaban tuwo ina iya ba ta gaskiya.

Jabbi direba, takardar lambarsa ta bi wando wanki.
Na same shi a waya yana hanyar Illela,
ya karanto da ka, ɗaya ta yi ɓatan dabo,
sai da matarsa ta tono ta a ƙasan adaka.

Inna Kulu mai tsince tsakuwa,
albashinta bai kai inda haraji ke miƙa hannu ba.
Na zana mata sifili. Ya yi kyau, kamar bakin faifanta.

Sannan layi na goma sha bakwai.
Atto. Ɗan dako. Wata bakwai.
A na takwas bel ɗin inji ya karɓi yatsunsa biyu,
ya koma Kwalkwalawa ban ruwan albasa.
Da azahar Alhaji ya leƙo ta kafaɗata:
"Wanda yat tahi ya tahi, Sahabi.
Share shi, ka rage muna takarda."
Na ce to. Bakina ne ya ce.

Amma ni na cire, da wannan biron,
dubu ɗaya da ɗari huɗu, sau bakwai.
Dubu tara da ɗari takwas sun riga sun shiga asusun jiha.
In na share sunan, kuɗin sun zama marayu,
buhunan da ya ɗauka kuma sun ɗauki kansu.
Na daɗe ina kallon gurbin.
Sauro ya sha rabonsa, shi ma bai ba da rasit ba.

Na rubuta Atto.
Na tara jimla, ta ƙi. Na sake, ta ƙi.
Naira sittin ta ɓuya mini har kiran assalatu,
ashe a layina take,
na ƙarshe, inda ba na son dubawa.

Da hantsi na bi sahu bayan akawun gidan burodi
da wata mai makarantar kuɗi daga Mabera.
Yarinyar da ke tebur ta lashi yatsa, ta ƙirga shafi,
ta buga hatimi, tim, ba ta ko ɗago ba.
Alhaji kuwa rasit kawai ya duba.

Ranar Juma'a na hau kabu-kabu zuwa fadama
da hoton shafin a aljihun gaba.
Atto ya goge hannu a riga,
ya riƙe takardar da yatsu uku, a juye.
Na gyara masa, na ɗora farce a kan sunansa.
Ya ce, "Ashe gwamnati ta san da ni?"
Na ce, "Ta san wata bakwai."

Ya yi dariya, ya ninke ta huɗu, ya sa a hula.
Ya cika mini leda da albasa,
bai auna ba.